Hayar Keke da Jagora zuwa Ƙauyukan Gindin Kufena: Abin da Na Gani a Fita Biyu

A Tudun Wadan Zariya akwai wani tsohon shagon gyaran kekuna da ya daɗe yana yi wa ’yan makaranta da masu kai kaya kasuwa faci da ɗaurin birki, kuma a ’yan watannin nan mai shi ya ƙaro wata sana’a a kan ta dā: yana ba da hayar keke haɗe da jagora, a fita da mutane bayan gari da sassafen Asabar ko Lahadi, a zaga da su ƙauyukan da ke gindin duwatsu, a dawo kafin rana ta take. Na bi ayarinsu sau biyu a watan Nuwamba, sau ɗaya yamma wajen dutsen Kufena, sau ɗaya kuma gabas wajen fadamar kogin Galma. Na biya kuɗina kamar kowa, kuma mai shagon bai san zan yi rubutu a kai ba. Ba zan kama sunan shagon ba, domin a cikin yabon da zan yi akwai kuka, kuma na riga na kai wa mai shi kukan nan baki da baki.

Tsarin nasu mai sauƙi ne. Mai son fita yakan je ranar Alhamis ko Juma’a ya zaɓi keke, a gwada masa tsayin sirdi, ya bar lambar waya da ta wani da zai tsaya masa, sannan ya biya rabin kuɗi. Ranar fita ana haɗuwa a ƙofar shago da an idar da sallar Asuba. Mu takwas ne a fitar farko, yawancinmu ma’aikata da malaman makaranta waɗanda rabonsu da keke tun suna samari, sai ma’aikatan shago biyu: jagora a gaba, yaron shago kuma a baya, da famfo da kayan faci da sifana ɗaure a kariyar kekensa. Kuɗin ya haɗa da ruwan sha da karin kumallo a hanya, kuma a ganina bai yi tsada ba, idan aka kwatanta da abin da mutum zai zuba wa mota na mai don ya yi yawon da ko rabin wannan bai kai ba.

Kekunan su ne rauni na farko, don haka gara in fara da su. Yawancinsu ’yan gwanjo ne masu giya da faffaɗar taya, irin waɗanda suka dace da burji da tsakuwa, sai tsofaffin Phoenix guda biyu masu baƙin fenti ga wanda ya ce bai iya canjin giya ba. Sarƙoƙinsu suna shan mai yadda ya kamata, tayoyin ma ba su side ba, wanda ke nuna cewa makaniki ne ke riƙe da su. Amma sirdin da aka ba ni siriri ne mai tauri irin na ’yan tsere, kuma tun kafin mu yi awa guda na fara tashi tsaye a kan feda don in huta. Birkin baya na keken wani abokin tafiyarmu kuma sai an matse shi har ya taɓa hannun keken kafin ya kama, abin da ba a gane ba sai a gangaren farko. Hular kwano huɗu kacal suke da ita, mu kuwa takwas, aka ce wanda ya ga dama ya ɗauka, ka kuwa san halin Bahaushe, kowa ya ji kunyar zama shi ne matsoraci, sai da jagoran ya ɗora ɗaya a kan dattijon cikinmu da hannunsa. Wanda ke karɓar kuɗi ya fita da mutane kan titi bai kamata ya bar wannan ga zaɓi ba.

Mun shiga birni ta Ƙofar Doka gari bai gama wayewa ba, almajirai na karatu a bakin zaure, masu koko na hura wuta. Jagoran ya ratsa da mu ta lunguna maimakon babban titi, ya ɗan tsayar da mu daura da fada da Masallacin Juma’a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Daga nan muka nufi Ƙofar Kuyambana. A kan keke ne mutum ke ganin halin da ganuwa take ciki da idon gaskiya: a wani wurin tana nan tsaye kamar tudu mai ciyawa, a wani wurin an ci ƙasarta an yi tubali, a wani wurin kuma katangar gidan siminti ce ta hau kanta. Mai mota yakan wuce duk wannan cikin minti biyu da gilashi a rufe, bai ga komai ba sai bayan motar da ke gabansa.

Wuri mafi muni a tafiyar duka shi ne tsallaka babban titin Kaduna zuwa Kano a wajen Ɗan Magaji, inda tireloli da tankokin mai ba su san da zaman mai keke ba. A nan na fara yarda da jagoran. Ya sa kowa ya sauka, ya jera mu bibbiyu muna tura kekuna, ya tsaya a tsakiya har na ƙarshenmu ya haye, kuma da wani matashi ya nemi ya tsallaka a kan keke, ya daka masa tsawar da ba ta yi kama da ta mai neman kwastoma ba.

A Wusasa mun tsaya a gaban cocin St. Bartholomew, wanda aka gina a 1929 lokacin da ’yan mishan na CMS suka taso daga cikin birni suka dawo nan. Ginin ƙasa ne na magina Hausawa, mai kaurin bango da baka, kuma duk wanda ya san gine-ginen fada zai ga hannu ɗaya ne a aikin. A wannan unguwa Janar Yakubu Gowon ya tashi kafin ya shiga Kwalejin Barewa, kuma sunan Likita Mila, wanda ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da aka buga a 1932, har yau yana bakin dattawan wurin. Minti goma aka ba mu, daga waje kawai, domin ba a nemi izinin shiga tun da wuri ba, abin da kiran waya ɗaya zai iya gyarawa.

Bayan Wusasa kwalta ta ƙare, kuma daga nan ne abin da na biya kuɗi dominsa ya fara. Hanyar ta zama burji ja, burjin ya koma turba, turbar kuma a wasu wuraren ta shige burtali mai shingen aduwa da cediya hagu da dama, inda sai dai a bi ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar gari ta yanke gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne sautin taya a kan tsakuwa, da kukan kurciya, da luguden mata daga cikin wani gida da ba a hango shi ba tukuna. Kaka ce, an girbe masara an jingine karan, dawa ta sunkuya da nauyin kai tana jiran lauje, an shanya barkono a kan faffaɗan dutse ya yi ja wur, ga rimi da ɗorawa da kaɗanya tsaitsaye a tsakiyar gonaki. Hunturu ya fara leƙowa, don haka akwai ɗan hazo a ƙasa-ƙasa, Kufena kuwa yana gabanmu, wani lokaci ya ɓace a bayan itatuwa, wani lokaci ya bayyana ta gefen da ba mu zata ba. A cikin kusan awa biyu da muka yi a waɗannan hanyoyi, babura ƙalilan da amalanken shanu ɗaya ne kawai suka sa muka kauce.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa wannan tafiya ta yi daɗi haka, alhali ni ma ina da ƙafa kuma zan iya aron keke in fita ni kaɗai. Amsar ita ce jagoran, wanda magidanci ne da ya haura arba’in, ya ce ya yi shekaru yana kai manja da gishiri ƙauyukan nan a kan keke kafin ya koma gyara. Ya san turbar da ke da yashi da za ta kafe taya, ya san inda zaizayar damina ta yanke hanya, ya san gonar da ba a ratsawa kafin a kwashe amfani. Abin da ya fi wannan duka shi ne ya san yadda ake shiga gari. Kafin mu kai kowane ƙauye sai ya ɗaga hannu mu rage gudu, idan kuwa akwai dattawa a gindin bishiya ko a ƙofar masallaci, sai kowa ya sauka a tura keke har a wuce su. A ƙauye na biyu ya kai mu zauren mai unguwa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

“Ranka ya daɗe, baƙi na kawo daga birni, za su hau dutse su ga tsohuwar ganuwa.”

“Madalla, sannunku da zuwa. Ku bi ta bayan rijiya, amma ku yi hankali da gonar waken da ke hannun dama, ba a roro ba tukuna.”

Tun a shago ya gargaɗe mu cewa ba a ɗaukar hoton mace ko cikin gida, ba a kuma miƙa wa yara kuɗi, wanda yake son yin alheri ya sayi rake ko gyaɗa a hannun masu talla. Na ga amfanin wannan da idona, domin yaran sun bi mu da gudu suna dariya, amma babu wanda ya miƙo hannu, matan da ke ɗiban ruwa kuma ba su watse don ganinmu ba. Baƙo takwas a kan kekuna masu launi abin tsoro ne a ƙauye a irin wannan zamani, kuma da ba don fuskar da aka sani tana gaba ba, da kallon da za a yi mana daban ne.

A gindin dutsen muka jingine kekuna, yaron shago ya zauna gadi, mu kuma muka hau da ƙafa. Hawan bai da wuya ga mai lafiya, sai dai fa yana da santsi inda ruwa ya saba bi, kuma takalmin soso ko na fata mai sulɓin ƙasa ba na wurin ba ne. Daga sama ana hango birni da rimayensa, da dogayen gine-ginen Jami’ar Ahmadu Bello can Samaru, kuma muna zaune wani ƙaramin jirgin koyo daga kwalejin tuƙin jiragen sama ya yi ta kewaya sararin sama. Abin da ya fi ɗauke mini hankali yana ƙasa: layin tsohuwar ganuwa da ya zagaye gindin dutsen, wanda idan kana kusa da shi za ka ɗauka kunya ce ta gona da ta yi girma, amma daga sama sai ka ga ya miƙe ya lanƙwasa da niyya, ya rungumi fili mai faɗi da ya isa a yi noma a ciki ko da maƙiya sun yi zobe a waje. Nan mutum yake gane dalilin da ya sa mutanen dā suka zaɓi gindin duwatsu: ga wurin hangen nesa, ga mafaka, ga ruwan da ke gangarowa ya jiƙa ƙasar da ke kewaye. Kufena yana cikin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta ayyana don a kiyaye su, amma ban ga allo ko ɗaya da zai gaya wa baƙo haka ba.

A nan ne kuma rauni na biyu ya fito, wato bayanin tarihi. Jagoran ya san ƙasa kamar tafin hannunsa, amma tarihin da yake bayarwa na zaure ne, wanda duk wani tudun ƙasa a cikinsa “ganuwar Amina” ne, kuma duk wani rami a kan dutse sawun dokinta ne. Ba na raina wannan, domin shi ma gado ne, kuma yana ba da shi da daɗin baki. Sai dai wanda ya biya kuɗi don a nuna masa wurin tarihi ya cancanci a rarrabe masa tsakanin abin da ake faɗa da abin da aka rubuta. An zauna a Kufena tun kafin a kafa birnin Zariya na yanzu, kuma jerin sarakunan Zazzau ya danganta tasowa daga Turunku da Bakwa, wanda ake cewa Amina ’yarsa ce, ake kuma sa farkon sarautarsa a 1536. Littafin Tarihin Kano kuwa ya ambaci Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci garuruwa har Nupe da Kwararrafa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a cikin Infaƙul Maisuri. Tsakanin waɗannan lissafi biyu akwai tazarar fiye da shekara ɗari, kuma masana sun daɗe suna muhawara a kai. Wani malamin makarantar sakandare da ke cikinmu ya tambaya ko Amina ce ta gudu zuwa Abuja, jagoran ya ce haka ne, alhali wanda ya bar Zariya ya yi kudu lokacin jihadi shi ne Sarki Makau, bayan Malam Musa ya ci garin, ɗan’uwansa Abu Ja kuma shi ya kafa Abuja a 1828, garin da ake kira Suleja a yau. A garin da jami’arsa ke da sashen tarihi da na binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, samun ɗalibi ɗaya da zai rubuta wa shagon shafi biyu na sahihin bayani ba abu ne mai wuya ba.

Karin kumallon a gindin wani mangwaro aka yi shi bayan mun sauko, koko ne da ƙosai da aka yi oda tun jiya a wani gida na ƙauyen, sai fura da nono ga mai so, kuma babu abin da zan ce a kansa sai alheri. A hanyar dawowa ƙaya ta huda tayata ta baya. Yaron shago ya cire tub ya lalubo hujin da yawu da kunne, ya manna faci ya buga iska cikin ƙasa da minti goma sha biyar, amma da taya ta biyu ta sace a wani keken, sai ga shi gam ya ƙare, kuma ba su zo da tub na canji ko ɗaya ba. Mai keken ya hau bayan wani ɗan acaba da kekensa a kafaɗa har Wusasa. Wannan ya sa muka iso shago bayan Azahar maimakon ƙarfe goma sha ɗaya da aka yi mana alkawari, rana ta riga ta gasa mu, ruwan da aka raba kuma ya ƙare tun a kan dutse.

Dole a yi maganar tsaro, domin duk Bazazzagin da ya ji an ce bayan gari, ita ce tambayarsa ta farko. Abin da na lura da shi shi ne ba sa nisa, ba sa kwana, ba sa fita da yamma, kuma jagoran yakan kira mutanensa na ƙauyukan da daddare da kuma da asuba kafin a tashi. Na tambayi mai shagon ko za su kai mu Turunku, ya ce, “Yallaɓai, a yanzu dai a’a, ba zan kai mutum inda ba ni da wanda zan kira ba.” Hanyar Giwa da abin da ya yi gaba ma ya ce ba ta cikin lissafinsa. Wannan amsa ta fi kwantar mini da hankali a kan a ce mini babu komai.

Fita ta biyu, ta gabas, ba ta kai ta farko armashi ba, ko da yake ta fi sauƙi. An bi ta hanyar Jos zuwa wajen Dakace, aka sauka fadamar Galma inda manoman rani suka fara dashen tumatur da albasa, injinan ban-ruwa na ta ƙugi a bakin kogi, ga rake ya yi tsayi har ya rufe turba. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara, don haka ita ta dace da wanda ya daɗe bai hau keke ba. Ta wannan shiyya ce ƙaramin layin dogon nan ya bi daga Zariya zuwa ma’adinan kuza na Jos, wanda aka kammala a 1914 aka rufe a 1957, amma jagoran bai ambace shi ba sai da na tayar da maganar. Matsalarta ita ce an daɗe a kan kwalta tare da motoci kafin a samu shiru. A wannan karon kuwa na ga an canza mini sirdi zuwa mai faɗi, an zo da tub biyu na canji, hular kwano kuma ta ƙaru zuwa shida, wanda ya nuna cewa kukan da na kai bai faɗi ƙasa ba.

Wanda zai je, shawarata ita ce ya zaɓi hanyar Kufena, kuma ya je tsakanin Nuwamba da Janairu, domin da damina turbobin nan laka ce, daga Maris kuwa zafin bazara ba zai bar mutum ya ji daɗin komai ba bayan ƙarfe tara. Ya gwada birki biyun da kansa ranar zaɓen keke, ya hau ya zaga unguwa sau ɗaya kafin ya yarda da sirdin, ya ƙaro gorar ruwa tasa a kan wadda za a ba shi, kuma idan babbar riga ko doguwar jallabiya ce suturarsa, ya bar ta a gida, domin sarƙa ta ci gefen rigar mutum biyu a gabana. Mata ba su cikin ayarin da na bi, amma mai shagon ya ce yakan shirya wa ɗalibai mata fita tasu daban idan sun kai shida. Ni dai na riga na ba da rabin kuɗin fita ta uku, ta Kufena kuma, a Asabar ta farkon Janairu, da sharaɗin a nemi izinin shiga cocin Wusasa tun da wuri, a kuma ba ni keken nan mai faffaɗan sirdi.